Cilakowar da Ta Tare a Kabad Ɗina

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja, Kamfanin Katako na Sare-Ka-Huta, uban zarto, mai mayar da duhun daji filin ƙwallo.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin ma'aikaci, ni ne maigadin ƙofar da aka ba takardar gargaɗi jiya saboda zuwa aiki ba kaki. Ina roƙon a saurari uzurina.

Na ɗaya. Katakon da kuka raba mana kyauta saboda akwai kogo a jikinsa, na gode. Kafinta ya yi mini kabad da shi, kogon ya faɗo daidai ƙofa. Ashe kogon yana da mai shi.

Na biyu. Ranar Talata cilakowa, tsuntsuwar nan mai dogon baki, ta shigo ta taga, ta gane ɗakinta, ta shige. Kamar yadda suke yi in za su yi ƙwai, ta liƙe kanta ciki da laka, har da bakin ƙofar kabad ɗin. Kakina yana ciki, kuma a kansa ta yi ƙwai huɗu.

Na uku. Mijinta yana kawo mata abinci ta 'yar tsaga, sau ashirin a yini, ba sallama. Da yake kun kwashe itatuwan da yake tsinkar 'ya'yansu, gwandar matata yake ɗiba. Matata ta ce tun da na aure ta ban taɓa yi mata hidima irin wannan ba. Ranka ya daɗe, wannan ma laifina ne?

Na huɗu. Na san kun kafa allo cewa duk tsuntsaye su koma dajin gaba. Allon ya yi kyau. Amma wa ya karanta musu? Kuma ba dajin gaban muka loda a mota bara ba?

In na buɗe kabad, ƙwan sun mutu. In ban buɗe ba, aikina ya tafi. Na ɗauko guduma sau biyu, ta leƙo ta dube ni, na ajiye gudumar. Wallahi ba zan iya ba.

Don haka ina roƙon izinin gadi da singileti na wata biyu. Sannan a taimake ni da amsa ɗaya a rubuce: ranar da 'ya'yan suka fasa laka suka fito, wace bishiya zan nuna musu?

Naka mai biyayya har ƙasa, ba riga,

Maigadin Ƙofa ta Biyu