Tsinken Ƙarshe a Hancina

Ba zan taɓa mantawa da shekarar korona ba, ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina. Cutar dai ba ta kama ni ba, Allah Ya tsare. Abin da ya same ni da ƙafata na je na ɗauko shi, da rana tsaka, cikin hankalina.

Ni manomin tattasai ne. A bakin kogin Komadugu aka haife ni, can na yi furfura, sai da tashin hankali ya koro mu muka dawo cikin garin Diffa. Bokona bai wuce na yaƙi da jahilci ba (shi ma rabinsa gyangyaɗi na yi), amma Allah Ya hore mini baki, shi ya sa aka sa ni cikin kwamitin iyaye na kolejin unguwarmu. Autata Falmata tana can, a ajin ƙarshe, masu shirin jarrabawar birebe. Duk zuriyarmu ba wanda ya taɓa kaiwa nan sai ita. A shekarar an rufe lakwal, wato makarantar boko, an daɗe, da aka buɗe kuma jarrabawa ta ƙarato, malamai na ta gudu da yara don su cim ma abin da ya wuce su. Kowane yini ɗaya yana da daraja. Na san haka sarai, ni nake faɗa wa sauran iyaye.

To, akwai majalisar da muke zama bayan la'asar, a ƙofar kantin Alhaji Sanusi, Badamagare, abokin tsokanata na shekaru. Shi ya yi tafiya Yamai, can aka yi masa awon cutar aka ba shi takarda. Wannan takarda ta hana mu sakat. Ya sa ta cikin leda, kullum tana aljihun gaba, ko shayi aka miƙo masa sai ta faɗo da gangan.

"Wannan awon ba na kowa ba ne," in ji shi. "Kayan kaɗan ne a ƙasar. Sai an duba mutum an ga ya isa. Kai Babarbare, wa zai ɓata tsinken awo a hancin da tattasai ya gama ƙonawa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta bi ni gida, ta kwana da ni, ta tashi da ni.

Ranar Talata da safe na shiga ɗakin ajiya ina juya buhunan busasshen tattasai kafin damina ta kankama. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san abin da ke biyo baya: atishawa, hawaye, tari kamar ƙirji zai tsage. Ina tsaye ina tarin sai wani tunani ya zo mini, irin wanda ya kamata dattijo ya yi a'uziyya ya kore shi. Ni kuwa shimfiɗa masa tabarma na yi.

Alamomin cutar duk na haddace su daga rediyo. Na ƙara cusa kai cikin buhu don tarin ya zauna da kyau. Da na isa likita ban shiga ba tukuna, na cire hula na zauna a rana har goshina ya ɗau zafi, saboda wannan 'yar bindigar da suke ɗora wa mutum a goshi. (Dattijo mai jikoki, zaune a rana kamar an shanya kifi. Allah Ka yafe mana.)

Aka kai ni gaban Majo, shugaban ma'aikatan jinya na wurin, yaro ne sa'ar ɗana na fari, idanunsa sun yi ja don gajiya.

"Baba, tun yaushe kake tarin?"

"Kwana huɗu, ɗana."

"Ka yi tafiya kwanan nan?"

"Zaman makoki na je Yamai." Ni da ban taɓa wuce Damagaram ba.

"Kana jin ƙamshin abinci?"

"Ko kaɗan." A lokacin ƙamshin ƙosan da ake toyawa a bakin ƙofa har cikin raina nake jin sa.

Ya buɗe wani ɗan kwali, ya daɗe yana kallon cikinsa. Sannan ya ce, "Baba, ɗaya ya rage mana, kuma ban san ranar da za a aiko da wasu ba. Amma da shekarunka da wannan tafiyar, ba zan iya barin ka haka ba."

Nan ne wurin da nake so in yi ƙarya in ce gabana ya faɗi. Bai faɗi ba. Daɗi na ji. Na ce a raina, na Alhaji Sanusi cikin masu yawa aka ɗauko, nawa kuwa na ƙarshe ne a gari.

Ya zura mini tsinken nan mai auduga a hanci har na ji kamar ya taɓo abin da na karanta a yaƙi da jahilci. Ya ce za a aika da shi nesa a duba, kafin sakamako ya dawo kada in fita, kada in gaisa da kowa, in ware kwanona da butata. Na ce to. Na koma gida ban gaya wa kowa ba, don so nake takarda ta zo tukuna in faɗo da ita a majalisa.

Laraba na zauna gida, na ce ciwon baya ne. Alhamis da safe aka aiko cewa Daraktan kolejin na kiran iyaye taron gaggawa. Ni taro ya wuce ni? Na sa babbar riga, na naɗa rawani, na tafi. Na gaisa da kowa hannu da hannu, har da waɗanda suka miƙo mini gwiwar hannu irin ta zamani, na ce su bar wannan yauƙin.

Muka zauna a bencuna ƙarƙashin itacen bedi. Darakta ya ce Mushe Habu (Mushe muke ce wa malamin boko a nan), malamin lissafi na ajin ƙarshe, ya dawo daga duba mahaifiyarsa a Damagaram da zazzaɓi da tari. Ranar Talata bayan azahar sun kai shi likita, aka ce kayan awo sun ƙare. Da an auna shi, kwana kaɗan za a san matsayi, in ba ita ba ce a ci gaba da karatu. Tunda ba a auna ba, umarnin da ya zo daga sama shi ne ya zauna gida kwana goma sha huɗu, ajin da ya shiga su ma haka.

Ajin Falmata ke nan. Kuma ya ce Talata, ya ce bayan azahar. Mai hankali da tuni ya haɗa. Ni kunnena ba ya wurin, jira kawai nake ya rufe baki in buɗe nawa.

Na miƙe, na gyara riga.

"Jama'a, mu gaya wa kanmu gaskiya! Kayan nan ba ƙarewa suka yi ba, cinye su aka yi! Masu ƙiba da manyan riguna, lafiyarsu lau, su je a zura musu tsinke don su yi taƙama da takarda, malamin 'ya'yanmu kuwa yana kwance! Wallahi duk wanda ya yi wannan, a ɗaure shi jikin bedin nan yara su zo su kalle shi!"

Alhaji Sanusi nake nufi, ba kowa ba (shi da aka auna a Yamai, ina ruwansa). Aka yi ta tafi. Wata mata ta ce, "Faɗa musu, Baba!" Ina cikin jin daɗin tafin sai ga mota ta tsaya a bakin ƙofa. Ashe Darakta ya gayyato wani daga likita ya yi wa iyaye bayani.

Majo ne.

Ya taho yana gyara takunkuminsa, ya ɗaga kai, muka haɗa ido. Ya tsaya cak.

"Baba! Me kake yi a nan? Ba na ce kada ka fita ba sai sakamakonka ya zo?"

Ban taɓa ganin benci ya zama fili da sauri irin na ranar ba. Wanda ke kusa da ni ya bar takalminsa ɗaya. Waɗanda na gaisa da su suka riƙe hannuwansu nesa da jiki kamar sun taɓa kashi. Aka bar ni tsaye ni kaɗai a tsakiya, da babbar rigata.

Majo ya juya wurin Darakta, muryarsa ƙasa-ƙasa amma kowa na ji. Ya ce dattijon nan yana da dukkan alamomi, ya dawo daga tafiya, ga shi ya cakuɗa da iyaye da malamai. Dole ya kai rahoto, kuma yana tsoron ba aji ɗaya za a rufe ba, lakwal ɗin ce gaba ɗaya.

Na dubi Darakta, na ga ya dafa tebur. Na dubi azuzuwa, yara sun leƙo ta tagogi. Hanya biyu ce a gabana: in yi shiru in zama majinyaci abin tausayi a rufe lakwal, ko in buɗe baki in zama abin da nake.

"Ɗana," na ce, "tarin na tattasai ne."

"Na me?"

"Tattasai. Buhuna na juya."

"Zafin jikin fa?"

"Rana na sha a bakin ƙofarku."

"Yamai fa?"

"A talabijin nake ganinta."

"Ƙamshi?"

"Yanzu haka ina jin turaren Darakta."

Wani ya fashe da dariya can baya, amma ba wanda ya taya shi. Majo ya juyo gare ni. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Baba, da ka fita ba a jima ba aka kawo malamin nan. Na buɗe kwalin a gabansa don ya gani da idonsa ba komi a ciki."

Sai matar nan da ta ce in faɗa musu ta ɗaga murya: "To Baba, ga bedi nan. A kawo igiya, ko da rawaninka za mu yi?"

Ba a ɗaure ni ba, amma da an ɗaure ni da na ce an yi adalci. Majo ya yi ta yi mini tambayoyi har ya gamsu, aka kira wani maƙwabcina ya shaida ko Mainé-Soroa da ke kusa da mu ban je ba tun azumi. Lakwal ta tsira. Ajin ƙarshe dai bai tsira ba, don gaskiyata ba ta mayar da tsinke cikin kwali. Ni ma aka ce in koma gida in zauna har takarda ta zo, wannan karon da maƙwabta masu gadina kyauta.

Haka muka zauna gida ɗaya da Falmata, ita an hana ta aji, ni an hana ni ƙofa. Labari ya riga ni isowa. Uwarta ta yi mini wankin babban bargo na yini guda, wannan na saba. Yarinyar kuwa littafinta ta rungume. Kullum tana ƙarƙashin rumfa da littafin lissafi, ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Rana ta uku na matso na ce ko akwai abin da zan taimaka. Ta dubi shafin, ta dube ni, mu duka mun san amsar.

Can ta ce, "Baba, da zafi?"

"Me?"

"Tsinken."

Na ce ƙwarai, har hawaye na yi.

"Allah Ya ƙara sauƙi," in ji ta, ta mayar da kai kan littafinta.

Na sha zagi a rayuwata, na kasuwa da na gona, ba wanda ya taɓa shiga jikina kamar wannan addu'ar.

Bayan kwana shida takardata ta zo: ba ni da komi. Ban kai ta majalisa ba. Mushe Habu ya warke, har yau ba wanda ya san ko cutar ce ko zazzaɓin sauro ne. Da ya fito na je ba shi haƙuri, na shirya dogon jawabi, ya tare ni. "Ba komi, Baba. Babi biyu ne dai ban samu na yi musu ba. Mu yi addu'a kada su fito a jarrabawa."

Ɗaya ya fito.

Falmata ta faɗi a shekarar, kuma lissafi ne ya ja ta ƙasa. Ta maimaita, ta ci a shekara ta biyu, alhamdu lillahi. Amma cikin waɗanda suka faɗi tare da ita akwai 'ya'yan 'yan gudun hijira daga wajen Toumour da ba su samu halin maimaitawa ba, nakan gamu da wasunsu a kasuwa, su gaishe ni da ladabi. Mutane na ce mini ko da ban yi abin da na yi ba, wataƙila sakamakon malamin ya makara, wataƙila ma cutar ce da gaske a rufe ajin duk da haka. Na ji, kuma ina so in yarda. Sai dai wataƙila ba ta sa mutum barci.

Abin da na koya, a shekarun da ya kamata a ce ni ke koyarwa, shi ne: in aka ce maka abu ɗaya ya rage, kafin ka miƙa hannu ka waiwaya ka ga wanda ke tafe a bayanka, don mai yiwuwa naka yake yi wa aiki. Na biyu kuma, in za ka yanke wa mai laifi hukunci a bainar jama'a, yanke mai sauƙi. Ba ka san wanda za a kama ba.