Ranar da na auna naushin Tsinke da haƙarƙarina

Ba zan taɓa mantawa da kakar da aka yi dambe a Belbeji ba, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai. Lokacin ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tanut, an turo ni daga Damagaram da akwati ɗaya, da rediyo, da baki wanda ba ya gajiya. Kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran mai girma da Faransanci, ni kuwa har tafiyata ta canja.

Cikin akwatin nan akwai wata mujallar Faransanci mai hotunan 'yan damben Turawa, masu sa safar hannu. Biyu daga cikinsu na ɗauka kamar 'yan uwana na jini, dukansu 'yan ajin matsakaicin nauyi. Ɗaya gajere ne mai faɗin ƙirji, da hagu yake kisa. Ɗayan dogo ne, damansa kamar taɓarya. Wa ya fi wani nauyin naushi? Wannan tambaya na mayar da ita sana'a. A majalisa, a bakin kasuwa, har a ƙofar masallaci, ina bayani: na gajeren daga ƙugu yake tasowa, na dogon daga kafaɗa, saboda haka gajeren ya fi. (Ban taɓa ganin ko ɗayansu yana motsi ba. Hotuna ne kawai, ɗaya ma gara ta ci masa rabin fuska.)

To, a lokacin ina neman auren Mariyama, ɗiyar Baba Mato, babban mahaucin garin. Magabatana sun je, ya ce zai yi shawara. Wata biyu ke nan yana shawara, ni kuwa abin ya dame ni ƙwarai, don da gaske nake son yarinyar nan. Sai na ji labarin mahauta za su Belbeji kallon dambe, kuma Baba Mato na cikinsu. Na ce yauwa! Ga ranar da dattijon nan zai gane cewa ilimi ne ke neman shiga gidansa.

Mun isa bayan la'asar, fili ya cika maƙil. An yi da'ira, masu kalangu na gefe, 'yan dambe na ta kirari, kowa ya naɗe hannu ɗaya da zare har ya zama dunƙule. Maimakon in raɓe nesa da wanda nake so ya zama surukina, kamar yadda kowane ɗa mai kunya zai yi, sai na kutsa na tsaya dab da tabarmarsa, inda zai ji ni da kyau.

Aka nuna mini wani siririn mutum ɗan garin Tarka, wai shi Tsinke, aka ce kakar bana babu wanda ya kai turmi na biyu da shi. Na dube shi sama da ƙasa, na yi dariya.

"Wannan?" na ce da ƙarfi. "Ai a ƙasar Turawa sikeli ake fara ɗora mutum. Wannan ko ƙofar matsakaicin nauyi ba za a bar shi ya leƙa ba. Naushi nauyin jiki ne, jama'a. Mutumin da iska za ta ɗauka, me zai yi wa wani?"

Wani mahauci ya ce, "Mushe, a dai yi a hankali."

Baba Mato bai ko waiwayo ba, goronsa yake ci. Shirun nan nasa ya ƙara zuga ni. Na ce bari in nuna musu a aikace yadda gajeren nan nawa yake tsayuwa. Wurin ya matse, sai na yi taku uku gaba don in sami sarari. Na tuɓe tabarau, na dunƙule hannuwa biyu, na karkace, na miƙa hagu gaba sosai, ina cewa, "Kun gani? Daga nan yake tasowa!"

Kalangu ya canja murya.

Wallahi na san al'adar nan, tun ina yaro nake jin ta, baki ne kawai ya ɗebe ni. Duk wanda ya shiga fili ya miƙa wa ɗan dambe hannu, to ya neme shi ke nan. Taku ukun nan nawa sun kai ni cikin fili, hagun da na miƙa kuwa saitin Tsinke take, ba kuskure ko kaɗan. Wuri ya ɗauki ihu. Mai kalangu ya fara yi mini kirari nan take, wai Mushe mai alli, mai kashe mutum da Faransanci.

Tsinke ya taho a hankali, ya ce, "Mushe, da ni kake?"

Nan fa na shiga lissafi. In na ce wasa nake, na zama abin dariyar ƙasar Damargu gaba ɗaya a gaban Baba Mato. In na ce e, to Allah kaɗai ya san sauran. Na saci kallon dattijon, na ga ya daina tauna goro, ya zuba mini ido. Sai na ji bakina, wannan dai bakin, ya ce, "Da kai nake."

Aka kawo zare za a naɗe mini hannu, na ce a'a, mu da hannu biyu muke yi. (Mu! Ni da wa?)

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Na yi ɗan tsalle-tsalle yadda na zaci gajeren yana yi. Tsinke ya tsaya yana kallona da tausayi, buɗaɗɗen hannunsa a gaba, naɗaɗɗen a baya. Na kai masa hagun nan mai tasowa daga ƙugu, ta wuce ta sami iska. Daga nan ban ga komai ba, sai dai na ji kamar an jefo mini buhun hatsi daga saman raƙumi, a nan gefen haƙarƙari. Numfashina ya tafi yawo. Da ya dawo, ina zaune daɓas a ƙasa, takalmina ɗaya na can gefe, wandon lakwal ya yage daga baya har gwiwa, mata na guɗa.

Abin da ya fi naushin ciwo shi ne da Tsinke ya ɗaga ni, ya raɗa mini, "Yi haƙuri Mushe, rabi na sa."

Na ja jiki na koma gefe, hannu ɗaya a haƙarƙari, ɗaya yana riƙe da yagen wando. Kunya ta rufe ni, na tabbata zancen Mariyama ya mutu. Baba Mato ya yafito ni, na durƙusa da ƙyar.

"Mushe," ya ce, "kai ne masanin sikeli. Wannan da ka sha, a wane aji za mu sa shi?"

Na ce, "Baba, babu ajinsa a mujallar."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da ya nutsu sai ya ce, "Wata biyu ina jin labarinka, kowa na cewa baki ne kawai. Yau na ga bakin ya ja ka cikin wuta, ka kuma bi shi ba ka gudu ba. Ka turo magabatanka ranar Juma'a. Amma zancen damben Turawa, a ƙofar gidana za ka riƙa ajiye shi tare da takalmi."

Sati uku ina koyarwa a zaune, in zan yi tari sai na nemi bango. Mujallar kuwa, bayan aurenmu Mariyama ta mayar da ita abin fifita wuta, gajeren da dogon duk suka tafi a hayaƙi.

Har yau ina da ra'ayi kan komai, wannan ban daina ba. Sai dai in aka tambaye ni wa ya fi wani nauyin naushi, nakan ce a je a tambayi wanda ya sha. Ni na mutum ɗaya na sani, shi ma rabi.