Rasuwar Sensar Falo, Wadda Tururin Shayi Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu take tafasa, maigidan nan, tsohon malamin lissafi, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar na'urar auna zafi ta falonsa, wadda yara ke kira Sensa. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara shida a jikin bango.

Ba da ka ya sayo ta ba. Wata biyu ya yi yana zaɓe, yana gwada wannan da waccan, har mai shago ya fara ɓuya in ya hango shi. Saboda mahaifiyarsa ya yi wannan wahala, tsohuwar da sanyi ke shaƙe wa ƙirji, kuma a falo take wuni. Aikin marigayiya ɗaya ne: in zafi ya kai digiri talatin ta ce "ƙit", esi mai sanyaya ɗaki ya tashi, in ya sauko ashirin da takwas ta ce "ƙit-ƙit", ya kwanta. Ba ta taɓa ƙara rabin digiri don ganin idon wani ba. A shekara shidan nan tsohuwa ba ta kwana asibiti ko sau ɗaya ba.

Ciwon ajali ya shigo gidan ne da jaka ɗaya. Ƙanin uwargida ne, ya zo yin mako guda, yau watansa bakwai. Shi mutum ne mai son sanyi kamar kifin firji. Da ya ga ba a roƙon marigayiya, sai ya koyi yi mata ƙarya: ya cika kofi da shayi mai tururi, ya ɗora a kan wata kanta da ke daidai ƙarƙashinta. Baiwar Allah ta ji digiri arba'in, ta yarda, ta saki sanyi ba ƙaƙƙautawa. Shi yana miƙe a doguwar kujera, tsohuwa tana kusurwa cikin bargo, kunyar baƙo ta hana ta magana. Mako uku ta yi tana tari.

Marigayiya ba mai jure ruwa ba ce, an rubuta haka a kwalinta. Tururi ya ci cikinta, ta fara nuna digiri saba'in, sannan ta yi "ƙiii" ta yi shiru. Maigida ya tarar da shatin gindin kofi goma sha ɗaya a kan kantar, ya kuma ɗauki hotonsu. Da aka tambayi baƙon, cewa ya yi ai kayan zamani dama ba su da ƙarko. Maigida bai yafe ba, kuma ba ya shirin yafewa.

Ta bar esi biyu, da fanka, da ƙanwarta guda da ke ɗakin baƙi. An riga an ciro ƙanwar an maido ta falo ta gaji aikin, don haka esin ɗakin baƙi ba zai ƙara tashi ba. Maigida ya fara neman wata, mai jure tururi, kuma ya ce wannan karon ba zai yi gaggawa irin ta farko ba.

Za a karɓi gaisuwa gobe da ƙarfe biyu na rana a ɗakin baƙi, tagogi a rufe, babu shayi. Uwargida da kanta ta naɗe gawar a cikin jakar ƙaninta, tare da sauran kayansa. Shi zai ɗauke ta. Za a raka su har tashar mota, kuma maigida zai tsaya sai ya ga motar ta tashi.