Murhuna a Dutsen Annabi Musa

Ni da na girma ina hawan duwatsun garinmu da tulu a ka, wa zai koya mini dutse? Da jikata Zainabu da ɗaliban unguwar Darrasa suka shirya ziyarar Dutsen Annabi Musa, na ce da ni za a.

Jagoranmu, wani Balarabe, ya yi bayani, Zainabu ta fassara: wurin a tsare yake, ba a tsinkar ganye, ba a yar da leda. Ba wanda ya ambaci duwatsu.

A rabin hanya gwiwa ta ce khalas, ta gaji, na zauna jiransu. Sai na ga duwatsu an ɗora su kan juna a mararraba. Na rushe su, na kafa murhu a inuwa, na fito da gawayina na ɗora shayi.

Waɗanda suka riga jagora saukowa suka bi hanyar awaki. Sai la'asar aka gano su.

Zainabu ta ce, "Kaka, alamar hanya ce fa kika dafa shayi a kai."

Ni dai har yau ban gane yadda dutse uku zai ɓatar da masu ilimi ba. Amma a unguwarmu Faisal, duk baƙon da ya ɓata, sai a ce, "A duba, ko Kaka ta ɗora shayi."