Irin Zamani Mai Rubutun Baba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tsaya ina yi wa mahaifina lacca a kan dawarsa ba. Ko na so in manta ma mutanen Kebbe ba za su bar ni ba, don har gobe in na sauka daga babur a bakin kasuwa sai an sami mai ɗaga murya ya ce, "Sannu da hanya, Malam Jan Hannu!"

Ni malamin makaranta ne a Tambuwal, darasin aikin gona nake koyarwa (a kan allo dai, in za a faɗi gaskiya, na daɗe rabona da fartanya har hannuna ya yi laushi kamar na amarya). Baba kuwa limamin unguwarmu ne a Kebbe, kuma manomi. Yana da wata farar dawa da ya gada wurin kakanmu. Kowace kaka shi da kansa yake zaɓar zangarniyoyin da suka fi cika, a sussuke su daban, a ɗinke a buhu. Rabin unguwarmu daga wannan buhun suka sami irin da suke shukawa.

Wata kaka aka buɗe wani shago kusa da tasha a Tambuwal, wai reshen kamfanin iri ne. Ba zan faɗi sunansa ba, ba don rufin asiri ba, sai don ban san wanda yake amsawa yanzu ba. A bango sun manna hoton wani mutum da farar riga irin ta likita, ya rungumi zangarniya mai kaurin cinyata. Manajan, wani ɗan gayu mai ƙamshin turare, da ya ji abin da nake koyarwa sai ya miƙe tsaye ya kama hannuna da hannu biyu.

"Farfesa! Kai muke nema tun da muka zo garin nan."

To, ni ko digiri na biyu ban fara ba. Amma kunne ba ya ƙin daɗi. Kafin in fito na zama wakilinsu na Kebbe, da hula mai tambarin kamfani a kaina. Manajan ya ce irin nasu zai iso gab da damina, kwana saba'in a girbe, ba ya jin fari, tsuntsu ma kunyarsa yake ji. Ban tambayi takardar shaida ba, ban nemi ganin gonar gwaji ba. Ni da nake ja wa yara kunne a aji cewa a gwada tsiron iri kafin a shuka!

A makon nan na hau babur na nufi gida. Lokacin wasu baƙi da motar kaya suna zagaya Kebbe suna sayen dawa da daraja. Na ce wa Baba ga dama ta samu, a sayar da tsohon irin nan a huta, na zamani na nan tafe.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, ba a sai da iri. Wagga dawa ta girme ka, ta girme ni."

Mako uku ina zarya a kan hanyar nan mai karya ƙugu, ina kawo masa Turanci. Daga ƙarshe ya nisa ya ce, "To, ba mu kai ka makaranta don mu ƙi jin maganarka ba." Aka ɗora buhun irin a mota. Da maƙwabta suka ga Liman ya sayar da nasa, su ma suka bi. Wannan ne abin da ban lissafa ba: ni hula kawai na sa a lamarin, Baba kuwa sunansa ya sa.

Ranar da iri ya iso, na ɗauro buhu biyu masu sheƙi a bayan babur. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, magidanta suka cika. Na sha farar shaddata ta sallah, na kafa hular kamfani, na farke bakin buhu na cika tafin hannuna biyu. Ƙwayoyin jajawur, gwanin sha'awa.

"Wannan jan da kuke gani," in ji ni, "magani ne na musamman daga ƙasar waje. Ba irin dawar gargajiyar nan tamu ba ce da ta gaji."

Ina cikin bayani hadarin da ya haɗo daga gabas ya fara yayyafi, ruwan farko na shekara. Ban kula ba, lacca ta yi daɗi. Sai na ga idon mutane ya bar fuskata ya koma hannuna. Jan ruwa ne ke bin yatsuna, ya gangara gwiwar hannu, ya sauka a kan farar shadda.

Baba Dikko, aminin Baba mai bakin tsiya, ya ce, "Farfesa, wanga magani na, ko lalle kaka sai muna?"

"Alamar maganin na aiki ke nan," na ce, na kai hannu na share gumin goshina. (E, da wannan hannun. Daga baya aka gaya mini har hancina.)

Dariya ta ɓarke. Na ce a taimaka a shigar da kaya zaure kada ruwa ya ɓata su. Garin ja, ƙusar ƙyaure ta kama buhun ta tsarge shi tun daga sama har ƙasa. Sai ga wani buhu a ciki, tsoho, da faci a gindinsa. Ashe mutanen nan ko wahalar sauya buhu ba su yi ba, sabo kawai suka zura wa tsohon kamar riga.

A jikin tsohon akwai rubutun ajami da tawada. Baba ya gyara tabarau ya sunkuya. Ni tun kafin ya buɗe baki na gane hannun, domin da shi aka rubuta mini allona na farko. Ya karanta a hankali, da muryar da yake jan salla da ita:

"Na Liman. Iri ne. Kada a niƙa."

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Dawarmu ce. Masu motar kaya da masu shagon tasha duk tafiyarsu ɗaya. Sun saye ta a ƙofar gidanmu, sun kai ta yawon buɗe ido Tambuwal, sun yi mata wanka da galura, ni kuma na ɗauko ta a babur na dawo da ita da hula a kaina. Ajamin ne kawai ba su iya karantawa ba.

Baba Dikko ya ce, "Kai, Liman, dawarka ta yi boko ta dawo!"

Aka sake kwashewa da dariya, amma ba ta daɗe ba. Baba ya zura hannu can ƙasan buhun ya ɗebo, sai ga ta gauraye da tsohuwar dawa wadda ƙwari suka huda, har da tsakuwa. Aka jiƙa kaɗan a tsumma aka ajiye. Bayan kwana huɗu abin da ya tsira bai taka kara ya karya ba. Ga ruwa ya sauka, ga unguwa guda ba irin shuka.

Na koma Tambuwal a fusace. Shagon a rufe, an ɓamɓare hoton mai farar riga, wani mai aski na auna wurin zai kama haya.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba dariyar ba ce. Baba ne, da tsufansa, ya bi gida gida yana ba da haƙuri, kuma ko sau ɗaya bai ce laifin ɗansa ne ba. "Ni na ce ku sayar," haka yake faɗa. Ina biye da shi, hannuna har lokacin bai gama wankuwa ba, ina jin kamar in yi kuka.

Da muka dawo muka tarar da Inna, mahaifiyata, ta mirgino wani tulu daga ƙarƙashin gadonta, an liƙe bakinsa da laka. Ta fasa. Farar dawar Baba ce cikin toka, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ta ba.

Na ce, "Inna, yaushe kika ɓoye wannan?"

"Ran da ka zo da hulag ga," in ji ta. "Ni na haife ka. In ka cika Turanci, aje rabi nika yi."

Da ƙaramin ƙoƙo aka raba wa unguwa. Bai ishi kowa ba, wasu sai da suka cike da gero a shekarar, amma irin bai ɓace ba. Ni kuma duk Asabar ɗin daminar nan a gonar Baba na yi ta, har hannuna ya tuna da fartanya.

Bara na ga manajan nan a wata kasuwa, ya sake suna, yanzu taki yake sayarwa. Yana hango ni ya ce "Farfesa!" Na tsaya a gefen rumfarsa na ba duk wanda ya matso labarin jan hannuna, har ya naɗe kayansa. Abin da na koya ke nan: duk kamfanin da ya fara ba ka muƙami kafin ya nuna maka gonarsa, riƙe hularka ta gida, ka kuma leƙa cikin buhun.

Da kakar bana Baba ya ɗinke buhun iri, ya ce idonsa ya yi rauni, ya miƙo mini alƙalami da tawada. Na ji daɗi har raina, na ce an yafe mini ke nan. Na durƙusa na ce, "Me zan rubuta, Baba?"

Ya ce, "Rubuta: Na Liman. Iri ne. Kada a ba Farfesa."

Na rubuta.