Yadda Dalhatu Ya Saka Kakarsa Cikin Salula

"Lafiya lau, lafiya lau, gajiya ta bi lafiya. Kai, tsaya! Wa ke gaishe ni da ladabi haka har da durƙuso? Dalhatu ne ko an musanya mini shi a tasha?"

"Haba uwargida, miji ba ya gaida matarsa sai da dalili?"

"Mijin kirki ke nan. Irinku kuwa in kun kai gwiwa ƙasa, sai mutum ya leƙa tukunya ya ga me ya ɓata."

Kaka Hindu ke nan da jikanta, da hantsi, a tsakar gidansu nan Mayahi. Tsohuwar tana gindin bedi tana ɓarar gujiya. Daga ƙofar gida kuwa ƙarar guduma ke shigowa, ƙwal, ƙwal: Salifu mai walda ne, uban Dalhatu, yana gyaran amalanke.

Duk unguwa an san abin da ke tafe da Dalhatu. Ya daɗe yana koyar da yara a lakwal ta Bawdeta, sai son aikin ordinatar ya kama shi, irin wanda ake rubuta wa na'ura umurni ta bi. Ya yi ta koyo shi kaɗai, har wata cibiya a Maraɗi ta ba shi gurbi. Gobe ake son ganinsa, in bai je ba a ba wani. Salifu kuwa ya ce a kai kasuwa, lakwal na shirin buɗewa, a koma ga alli. To amma ba Dalhatu ya faɗa wa ba, iska ya faɗa wa. Dalhatu ɗan fari ne, ko sunansa Salifu ba ya kamawa, balle su zauna shawara. Sai ka ce to kaka ta je ta yi wa ɗanta magana. Ina! Shi ma Salifu ɗan farinta ne, tun da ta haife shi "wancan" take ce mishi. Kunya ta toshe ƙofofin gidan duka, sai ta wasa kaɗai ta rage a buɗe, ita Dalhatu ya biyo.

Ya kai hannu cikin ƙwarya ya damƙi gujiya. Ta buge hannun.

"Ɓarawo! An ce mini ka bar aikin gwamnati za ka tafi dannar faranti."

"Ba faranti ba ne, tsohuwa, ordinatar ce."

"Ko ma mece ce. Ana cin ta?"

"Ana ci da ita."

"Saki reshe kama ganye! Kana zaune yara na tashi tsaye in ka shigo, iyayensu na kawo maka ƙwan zabi, ka ce kai sai ka je ka zauna gaban gilashi kana lumshe ido kamar mage a bakin murhu. Ni ka sake ni tun yanzu, ba ni zama da miji marar sana'a."

"In na sake ki wa zai kwasa? Haƙori biyu suka rage miki, su ma ba sa ga maciji da juna, ɗaya na gabas ɗaya na yamma."

"Da su na cinye gadon kakanka, kuma da su zan ci naka. Da tsohuwar zuma ake magani, yaro."

"Zumar da ta daskare sai an sa ta rana."

"Ka ji ja'iri! Ni da manyan ƴan kasuwar Tasawa suka yi layi a ƙofar gidanmu."

"Layin karɓar fura dai. An ba ni labari."

Ta ɗaga muciya, ya goce yana dariya. Amma kunnensa na ƙofar gida. Gudumar ba ta tsaya ba, sai dai ta rage sauri. Dalhatu ya san ubansa: in dukan ya yi sanyi haka, to ƙarfe ake duka amma hira ake saurare. Ya zaro salula daga aljihu.

"Bari in nuna miki abin da na ƙera, don kar ki tafi lahira da jahilci."

"Kai za ka riga ni, da wannan wuyan naka kamar mariƙin lema."

"Duba nan. Wannan baƙi ne na karatu, yaro zai zaɓi sunansa. Taɓa ɗaya."

"In taɓa ya ja mini jini?"

"Wane jini gare ki? Taɓa."

Ta goge yatsa a zane, ta dangwala. Sai murya ta fito daga salular, ƙarara, muryar tsohuwa: "Kai, sakarai! Sake dubawa!"

Ƙwaryar gujiya ta kusa kifewa. "A'uzubillahi! Wace marar kunya ce wannan?"

"Ba ki gane ta ba? Taɓa wancan."

Ta taɓa. Salula ta rangaɗa guɗa, ayyururui, har kaji suka watse.

Kaka Hindu ta riƙe haɓa. "Wannan ai guɗata ce. Ta ranar sunan ɗiyar maƙwabciyarmu Balkisu."

"Ita ce. Zagin kuwa ban sha wuyar samu ba, kullum ina karyawa da shi."

"La'ilaha! Ka saka ni cikin kwalba kamar aljana? Yanzu da nake nan zaune, ashe ina can Bawdeta ina zagin ɗiyan mutane?"

"Kina can kina koyarwa. Aji ya cika ya batse, tsohuwa, ni ɗaya, allo ɗaya. Na baya ba su ji, na gaba ba su bari a ji. Sai na riƙa ba su wannan suna karɓa-karɓa. Akwai wata yarinya da ta shekara ba ta buɗe baki a aji ba, yanzu ita ke riga kowa, wai don ta ji kin yi mata guɗa. Abin nan mutanen Maraɗi suka gani suka ce in zo in koyi aikin sosai."

A waje, guduma ta tsaya cak.

Tsohuwa ta ji, shi ma ya ji. Ba wanda ya dubi ƙofa. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta ƙara murya yadda ko mai wucewa a titi zai ji.

"To ni me ya dame ni? Ba dai yaran za ka gudu ka bari ba?"

"Wani malami zai karɓi ajin. Ni kuwa in na iya aikin nan, ba aji ɗaya ba, duk inda salula ta kai kin kai. Har Tasawa, wajen masu layin fura."

"Rufe mini baki! Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

"Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi."

"Kifin da ya yi tsalle ya faɗa tudu fa?"

"Sai ki soya, ki tsotsa, tunda taunawa ta gagare ki."

Ta kwashe da dariya har da tari, sannan ta nuna shi da ɓawon gujiya. "Wallahi gado ba ƙarya ba ne. Taurin kan nan na san inda ka ɗauko shi. Na san wani yaro a gidan nan, ba ni faɗin suna, ubansa na da raƙuma yana fataucin kanwa. Yaron nan ya tashi ya ce shi ba ya bin raƙumi, wuta zai koya, mai liƙa ƙarfe. Uban ya ce wane mahaukaci ke barin raƙumi ya kama tartsatsi? Ya daina cin tuwona, wai ni na ɓata shi. Yau ina raƙuman? Motoci sun kwashe kanwar. Tartsatsin nan kuwa shi ya yi rufin ɗakin da nake kwana."

"Wane yaro ne wannan, tsohuwa? Na san shi?"

"Ka ci gidanku! Ni da bedi nake magana."

Dalhatu ya sunkuyar da kai yana wasa da ɓawo. Ya kasa kunne wajen ƙofar gida.

Can sai aka yi gyaran murya. Salifu ne, daga bayan katanga, yana magana kamar da amalanken yake.

"A gaya wa mutanen gidan nan, motar Maraɗi ba ta jiran mai barci. In mutum zai tafi koyon abu, ya koyo shi har ƙarshe. Ba mu son rabin walda."

Ƙwal! Ƙwal! Guduma ta ci gaba, da ƙarfinta.

Dalhatu ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa. Kaka Hindu ta harare shi.

"Ji mini ƙato zai yi kuka. Wa ya mutu? Tashi ka shiga ɗakina, bayan randa akwai ƙullin buhu, ɗauko."

Ya shiga ya fito da shi. Yana kwancewa ƙamshi ya buge shi: tukuɗi ne, an daka da cuku da dabino da kayan yaji, ya bushe sarai.

"Tsohuwa! Wannan ai ba dakan yau ba ne."

"Ana fafe gora ranar tafiya? Tun ran da na ji zancen na sa aka daka. Irinsa na ƙulla wa wancan yaron da ban faɗi sunansa ba."

"Ashe duk masifar nan ta banza ce? Kin yarda tun tuni kika bar ni ina zufa?"

"To in yarda da arha, ka raina ni? Mace sai da jan aji." Ta yi dariya, haƙoran nan biyu suka bayyana, na gabas da na yamma. "Na sallama, ka ci. Sakin ma na fasa, sai na ga abin da za ka zama."

"Da na san ba ki iya rabuwa da ni."

"Tafi can! Ka tafi da waccan ta cikin salula, in ka yi shirme ta zage ka a madadina. Guɗar dai ka daina danna ta. Ka bar mini ita, da bakina zan yi ran da ka dawo."