Mutumin Gado na Shida

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin ba, a shekarata ta biyu ta horon ƙwarewa kan cututtukan cikin jiki, a wani asibiti a Gusau. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko ni kaɗai ce a ɗaki sai na ja mayafi na rufe fuska.

Wanda bai sani ba, in ya ji an ce likita ta shiga horon ƙwarewa, sai ya ɗauka ta huta. Ina! Da safe ke likita ce, da rana ke 'yar aike ce. Ki bi sawun sakamakon jini, ki roƙi masu ɗaukar hoto, ki nemo wa mara lafiya gado, ki ci awara a tsaye bayan ƙofa, sannan a ce ki koma gida ki karanta littafin da ya kai turmi nauyi. Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da zagayen marasa lafiya na ranar Litinin, wanda babban likitanmu yake jagoranta. Oga muke ce masa.

Oga dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Da ma faɗa yake yi da ya fi mana sauƙi. In kana zuba shirme sai ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya ce, “Ci gaba, Dakta, muna ƙaruwa.” A wannan makon kuwa rayuwata a hannunsa take, don shi zai sa hannu a fom ɗina na jarrabawar matakin farko, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa. In bai sa ba, sai in jira wata shida. (Ni kuwa da bakina na riga na shelanta wa dangi kaf a Tsafe cewa bana zan zauna jarrabawa. Har addu'a an yi mini.)

Mara lafiyan da nake taƙama da shi shi ne na gado na shida, Malam Sani, wani manomi daga Furfuri ta wajen Bungudu. Zuciyarsa ta yi rauni, ruwa ya taru masa a ƙafafu da ciki da huhu, ba ya iya kwanciya sai an jera masa filo uku. Kwana tara ina fama da shi, kumburin ya ƙi sauka. Ranar Juma'a na yi ta maza na ƙara masa maganin da ke sa fitsari, na rubuta a fayil, na kama hanyar Tsafe sunan ɗiyar yayata.

To, a nan sai na yi muku wani ikirari. Kakata ce ta rene ni, kuma a wurinta babu rashin kunyar da ta kai yarinya ta kalli babba a ido. Da dundu aka koya mini wannan, ya zauna daram. Saboda haka in na shiga ɗakin maza, kaina a ƙasa yake. Fayil, ƙafa, ciki, takardar awo, in wuce. Da za a ba ni biro a lokacin, zan zana muku ƙafar Malam Sani har da tabon da fartanya ta yi masa.

Ranar Litinin na baro Tsafe da sassafe, lallen suna raɗau a hannuna, na faɗa ɗakin saura rabin awa a fara zagaye. Kai tsaye na nufi gado na shida. Sai na ga mutum kwance shame-shame, babu filo ko ɗaya, ya ja bargo har wuya, ya kifa hula a fuska. Na ce shi ke nan, ya rasu. Sai na ji munshari.

“Baba, an tashi lafiya?”

Ya zabura. “Lahiya lau, likita.”

“Numfashin fa?”

“Alhamdu lillahi.”

“Ka samu barci?”

“Aradu tun da munka zo asibitin ga ban yi kwana mai daɗi irin wanga ba.”

Na yaye bargon ta ƙasa. Jama'a, ƙafa siririya, busasshiya, har jijiyoyi sun fito! Na danna da yatsa, ko alamar lotsawa babu. Na ce ya ɗaga riga, ciki ya lafe. Na saurari ƙirji, tas, babu ƙarar ruwa. Na jawo sikeli na ce ya hau. Ya ɗan yi jim yana leƙen ƙofa (na ɗauka kunya ce), sannan ya diro daga gado kamar saurayi. Kilo goma sha ɗaya ya sauke a kwana uku.

Mai hankali a nan zai tsaya ya ce anya? Ni kuwa kaina ne ya kumbura. Wallahi a tsaye nake amma har na hango kaina ana kirana taro in yi bayani. Na ɗauki biro na cika shafi guda da manyan baƙaƙe, na rufe da cewa a fara shirin sallama, na rattaba hannu har da ja masa layi.

Ƙarfe takwas Oga ya shigo, ayari na biye da shi: manyanmu a horo, ƙananan likitoci, ɗalibai da littattafansu. Tun daga gado na ɗaya nake ƙaiƙayin a iso nawa. Da aka iso, na gyara farar riga, na yi gyaran murya.

Na fara tun daga ranar da aka kwantar da shi. Na zo kan Juma'a na ɗan rage murya irin ta masu tawali'u, na ce, “Sai na ga ya dace in ƙara maganin.” Daga nan na shiga jero nasarori. Kumburi ya tafi. Huhu ya washe. Yana kwanciya babu filo.

Oga ya dubi mutumin da ke kan gado, ya dube ni. Ya cire tabarau.

“Kilo nawa kika ce?”

“Sha ɗaya, ranka ya daɗe.”

“A kwana uku. Ikon Allah. Ku rubuta,” ya ce wa ɗalibai, suka duƙufa. “Ci gaba, Dakta, muna ƙaruwa.”

Kun san fa na san ma'anar wannan maganar. Shekara biyu ina jin ta. Amma ranar sai na ce a raina yau dai da gaske yake. Na ci gaba! Har na kira wata ɗaliba na ce ta zo ta taɓa ƙafar ta ji yadda ake warkewa. Bawan Allah yana zaune ya haɗa gumi, ana ta latsa masa ƙauri.

Da na kai aya, Oga ya mayar da tabarau, ya matsa ya miƙa wa mutumin hannu.

“Malam Ummaru, ya mai jiki?”

“Da sauƙi, ranka shi daɗe. An tai da shi hoto.”

Inna lillahi. A lokacin ne, karo na farko, na ɗaga kai na dubi fuskarsa. Ban san ta ba. Abin takaicin, da na kwatanta da wadda ya kamata in sani, sai na tarar ita ma babu ita a kaina.

Ashe ƙanen Malam Sani ne, mai jinyarsa. Tun ranar da aka kwantar da su yake kwana kan tabarma a baranda. Da Sista Hajara, shugabar nas-nas ta ɗakin, ta tafi da yayansa ɗakin hoto tun da wuri don su kama layi, sai ya ce bari ya ɗan miƙe bayansa a katifa. Barci ya sace shi.

“To don me ba ka gaya mata ba?” in ji Oga.

“Ranka shi daɗe, Sista ta ce duk mai jinyar da ta kama bisa gado, waje za ya kwana har a sallame su. Kuma likita ta ce in buɗe ciki. Ni wa ne in yi gardama da likita?”

Wani ɗalibi ya ƙunshe dariya har ta fito masa ta hanci. Shi ke nan, ɗaki ya ɗauka, har marasa lafiyan da ke maƙwabtaka da gadon, waɗanda tun farko suna kallo suka yi shiru abinsu. (Na gado na biyar har da riƙe ciki, shi da aka ce kada ya motsa.) Ana cikin haka sai ga Sista Hajara ta turo keken marasa lafiya. A kai Malam Sani ne, ƙafafu suntuma-suntuma kamar yadda na bar su, yana haki. Ta ga taro, ta ga Ummaru kan gado, ta ga fuskata. Ta karɓi fayil ta karanta abin da na rubuta, ta ce, “Tabɗi! Dakta, wa za a sallama?”

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Aka mayar da Malam Sani gadonsa, aka jera masa filo, ƙanensa ya raɗa masa abin da ya faru. Bai yi dariya ba. Sai da numfashinsa ya daidaita, sannan ya ce a hankali, “Ɗiyata, kwana tara kina taɓa ni, ba ki san ni ba?”

Dariyar da aka yi mini duka ba ta yi mini zafin wannan ba. Hawaye suka cika mini ido, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Ganin haka shi kuma sai ya koma kare ni. Ya ce wa Oga, “A yi mata haƙuri, tarbiyya ce. Ba ta kallon manya.”

Oga ya ce, “Na sani, Malam. Amma da takardar nan ta bi hannun wanda bai duba ba, da yau an tsayar maka da magani.” Ya juyo gare ni. “Dakta, a gida ki sunkuyar da kai. A nan kallo shi ne aikin. Soke shafin nan da hannunki, ki rubuta dalili a ƙasa, ki sa hannu.”

Na soke, na rubuta cewa wanda aka duba ba shi ne mara lafiyan ba. Yana nan a fayil har gobe.

Fom kuwa bai sa hannu ba. Ranar Alhamis na kai masa ofis, ya turo mini shi baya da yatsa ɗaya, ya ce littafi na sani, saura mutane. Wata shidan nan cif na jira, kuma kowace Litinin sai na gabatar da kowane mara lafiya da sunansa, da garinsu, da sunan mai jinyarsa, ina kallonsa ido cikin ido. A Tsafe na ce musu an ɗage jarrabawar. (An ɗage ɗin mana, ni kaɗai aka ɗage wa.) A asibiti kuwa har masu shara suka riƙa kirana Mai Sha Yanzu Magani Yanzu.

Malam Sani ya ƙara mako biyu kafin kumburin ya sauka, a hankali, kamar yadda yake sauka ga kowa. Ranar da za su tafi ya sa aka kira ni. Ya cire hula, ya tsaya kusa da ƙanensa, ya ce, “To dube mu da kyau. Wane ne wane?” Na nuna shi, ɗaki ya yi tafi, ni kuwa ina dariya ina share ido.

Abin da na tsinta ke nan, kuma na ba ku kyauta ko da yake ni wata shida na saye shi: kafin ki yi guɗar kin warkar da mutum, ɗaga kai tukuna ki tabbatar shi ne ba shi da lafiya.